Gasar Ƙwallo da Darajar Fili a Kuala Lumpur

A tsakiyar birnin Kuala Lumpur akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Kampung Baru, watau Sabon Ƙauye, wadda aka keɓe wa Malayawa tun wajen 1900 domin su zauna su yi noma. Doka ta hana sayar da filayenta ga wanda ba Bamalaye ba, shi ya sa har yau gidajen katako suke tsaye a gindin dogayen benaye. Daga nan ne ya fi sauƙi a auna abin da gasar ƙwallon ƙafa take bari a gari bayan baƙi sun watse.

A 1957 aka kammala filin wasa na Merdeka, wanda Tunku Abdul Rahman, da ya zama Firayim Minista a wannan shekarar kuma shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, ya sa aka gina. A cikinsa aka yi shelar samun mulkin kai ran 31 ga Agusta, aka kuma buɗe Gasar Merdeka. Shekara da shekaru ƙungiyoyin Asiya suna zuwa, filin yana cika, ga shi a cikin gari, 'yan kallo na fita su ci su sha a kusa. Ciniki ne na ƙananan 'yan kasuwa, amma duk shekara yana dawowa.

Manyan gasanni kuwa sun bi wata hanya dabam. Da Malesiya ta karɓi gasar matasa ta duniya a 1997, a Shah Alam aka yi wasan ƙarshe, inda Ajantina ta ci Yurugwai 2 da 1. Kuala Lumpur ba ta ga ko wasa ɗaya ba. Kwana uku kafin wannan wasa darajar kuɗin Tailan ta faɗi, masassarar ta kama ringit na Malesiya. Nijeriya ce ta karɓi gasar bayan ta, a 1999, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauci.

Abin ya ƙara fitowa fili a Kofin Asiya na 2007. An buga a Bukit Jalil, can kudancin birni, Malesiya ta sha kashi a wasanninta uku, jama'a suka ƙaurace wa filin. Kujerar da babu kowa a kai ba ta sayen shinkafa.

Wannan katafaren fili na Bukit Jalil an gina shi ne saboda wasannin Komanwel na 1998, ladan kamfanin da ya gina shi kuwa har da harabar Merdeka, da nufin a rushe. Karyewar tattalin arziki ce ta ceci tsohon filin. Daga baya aka mai da shi kayan tarihi, aka kafa dogon benen Merdeka 118 a gefensa.

Ita kuwa Kampung Baru, tagwayen benayen Petronas da tashar jirgin ƙasa ta 1999 su ne suka ɗaga darajar ƙasarta, kuma gardamar nawa za a biya magada kafin a sake gina unguwar ta daɗe ana yinta.