Masu Gadin Bam da Walƙiyar Sararin Samaniya

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankali ya tashi a kudancin Sahara, domin daga hamada ne iskar hunturu take kwaso ƙurar da ke lulluɓe Tawa da Birnin Ƙonni da Sakkwato. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas.

A 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar hana gwajin bam a iska da ƙarƙashin ruwa da sararin samaniya. Faransa dai ba ta sa hannu ba. Da yake babu yarda tsakanin manyan, a shekarar nan Amurka ta fara harba taurarin ɗan Adam masu suna Vela, don su yi gadin hasken gamma da fashewar nukiliya ke fitarwa.

Shi wannan haske ido ba ya ganinsa, kuma ya fi kowane irin haske ƙarfi. Iskar da ta kewaye duniya tana shanye wanda ke zuwa daga sama kafin ya iso ƙasa, shi ya sa manoman da suka laƙanci fitowar Gamzaki da Kaza da Ƴaƴanta ba su taɓa sanin da shi ba.

Ranar 2 ga Yuli 1967 taurarin Vela suka kama wata walƙiyar gamma da ba ta yi kama da ta bam ba. Sai a 1973 Ray Klebesadel da abokan aikinsa na Los Alamos suka buga bayanin guda 16, suka nuna cewa ba daga duniya ko rana suke fitowa ba. Masana suka shafe shekara ashirin da ƴan kai suna gardama kan nisansu. Tauraron Compton, wanda aka harba a 1991, ya ƙirga sama da 2,700, warwatse a kowace kusurwa ta sama. A 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya ba da damar auna nisan: haskensu yakan yi biliyoyin shekaru a hanya. Akasarinsu mutuwar manyan taurari ce, wasu kuwa karon gawarwakin taurari biyu ne.

Wadda ta iso ranar 9 ga Oktoba 2022, bayan tafiyar kimanin shekara biliyan 2, ƙarfinta ya fi ƙarfin ma'aunan tauraron Fermi, har ta girgiza saman iskar duniya.