Daga Muhtasar Zuwa Final Kod

Kafin 1960, in aka kawo ɓarawon shanu daga Batsari ko Safana, Muhtasar da Risala da Tuhfa alƙali ke dubawa, ko da yake Turawa sun hana yanke hannu.

A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Saɓanin dokokin biyu ya fito fili. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Shawararsu ta haifi Final Kod, wadda aka kwaikwayo daga dokar Sudan, ta fara aiki a 1960.

Tun daga nan littattafan Malikiyya suka bar shari'ar laifuka, sai a 2000 Katsina ta sake komawa gare su. Allah Ya fahimtar da mu, amin.