Tattalin Arzikin Jamhuriyar Nijar

Jamhuriyar Nijar ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku. Tana iyaka da ƙasashe bakwai: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.27, amma yawancinsa hamada ne, shi ya sa akasarin jama'a ke zaune a kudanci. Kuɗin ƙasar shi ne sefa.

Noma da kiwo su ne sana'ar mafi yawan 'yan ƙasar. Ana noman gero da dawa domin ci, wake da albasa kuma domin sayarwa. Albasar Galmi ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma. Shanu, raƙuma, tumaki da awaki na shigowa Najeriya ta Illela, Jibiya da Maigatari. Noman ya dogara ne da damina, don haka duk shekarar fari farashin hatsi yakan tashi.

A ɓangaren ma'adinai, an fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971. A 2011 aka fara haƙo mai a Agadem, aka kuma buɗe matatar Damagaram mai tace ganga 20,000 a kullum. A 2024 Nijar ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin.

Rashin teku ya sa ƙasar dogaro da maƙwabta. Kayan da take shigowa da su daga ƙetare sun daɗe suna bi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wutar lantarkinta kuma kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa. Illar wannan ta fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi. An rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, abinci da magani suka yi tsada, 'yan kasuwar Katsina da Sakkwato ma suka ji a jikinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, an tsara shi ne domin haɗa Nijar da tashoshin jiragen ruwa na Legas.