Ruwan Alau da Mutanen da Suka Yi Gudu Sau Biyu

Dattawan Yerwa ba su manta da watan Satumba na shekarar 1994 ba. A watan ne madatsar ruwa ta Alau ta kasa riƙe abin da ke cikinta, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shiga Maiduguri, ya ci gidaje da gonaki. An gina madatsar ne tsakanin 1984 da 1986, kimanin kilomita 20 daga birnin, domin mutanen gari su sami ruwan sha, manoman fadamar Jere kuma su sami na noman rani. Bayan wannan ambaliya aka yi gyara, ruwa ya janye, kowa ya koma kan sha'aninsa. Yaran da aka goya aka gudu da su a wancan lokaci su ne iyayen da suka ɗauki nasu 'ya'yan a wuya bayan shekara 30, a cikin wannan wata na Satumba.

Amma birnin da ruwa ya tarar a karo na biyu ba shi ne na dā ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya kori mutane daga Gwoza, Bama, Damboa, Chibok da ƙauyuka masu yawa, suka kwararo Maiduguri. A cikinsu akwai Musulmi, akwai kuma masu bi da yawa, musamman na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka ƙone mata ɗaruruwan majami'u, har hedkwatarta da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan a watan Oktoba na 2014. Wanda ya zo gari hannu rabbana ba ya zaɓen wurin zama. Tudu na mai kuɗi ne. Baƙo da matalauci sukan sami wuri a kwari, kusa da bakin kogi, inda haya take da sauƙi. Da gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira a 2021, waɗansu suka koma garuruwansu, waɗansu kuwa suka ƙara cunkusuwa a irin waɗannan unguwanni.

Damina ta yi ƙarfi a 2024. Da daren Litinin, wayewar Talata 10 ga Satumba, madatsar ta ɓalle alhali mutane suna barci. Kafin gari ya waye ruwa ya mamaye Fori, Gwange, Gamboru da Shehuri, ya shiga fadar Shehun Borno, da babbar kasuwar gari, da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi yawancin dabbobin suka mutu, aka kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwaso kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Hukumomi sun ƙidaya matattu fiye da 30, ko da yake mutanen gari suna cewa adadin ya wuce haka nesa. Kimanin mutum 400,000 ne suka rasa matsuguni.

Abin da ya fi sosa zuciya a labarin nan shi ne sansanin Bakassi. An rufe shi a ƙarshen 2021, aka ce zamanin gudun hijira ya wuce. Sai ga shi an sake buɗe ƙofarsa. A yi tunanin macen da ta gudu daga gindin duwatsun Gwoza, ta yi shekaru tana tara tabarma da tukunya da keken ɗinki ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan dare guda ya mai da ita layin karɓar abinci. Wanda bai taɓa fara rayuwa daga tushe ba, da wuya ya san nauyin farawa karo na biyu.

Taimako ya zo, kuma ya kamata a faɗi yadda ya zo. Sojoji da ma'aikatan agajin gaggawa sun shiga da jiragen ruwa da manyan motoci, shugabannin ƙasa sun zo jaje, attajirai sun yi alkawarin kuɗi masu yawa. Duk da haka hannun da ya fara kama mai nutsewa hannun maƙwabci ne. Samari sun shiga ruwa suka ɗauko tsofaffi, masu kwale-kwale suka yi ta jigila, matan unguwannin tudu suka ɗora manyan tukwane, makarantu da majami'u da masallatai suka zama wurin kwana. Ba wanda ya tsaya tambayar addinin mutumin da ke kan rufin ɗaki, a garin da aka yi shekaru ana ƙoƙarin raba mutanensa da wannan tambaya. Da yawa cikin masu dafa abincin nan su ma sun taɓa cin na sadaka.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Ikkilisiya, 'yan'uwa. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yunwar da aka yi a zamanin Kalaudiyas, sarkin Roma, yadda masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Daga baya, da Manzo Bulus yake tara taimako domin matalautan Urushalima, ikkilisiyoyin Makidoniya ya kafa wa Korantiyawa misali da su, su da suke cikin tsanani da talauci. Wani abu da ba mu cika lura da shi ba: tarin nan bai ƙare a Lahadi ɗaya ba. Bulus ya shafe shekaru yana binsa, ya ce a riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, ya kuma nemi a zaɓi amintattun mutane su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi.

A nan ne, a ganina, muke da rauni. Mun iya jaje na kwana uku, baikonmu na musamman yakan cika kwando a makon da hotuna suke yawo a waya. Ruwa kuwa ba ya gama ɓarna ranar da ya janye. A Maiduguri ya bar rijiyoyi a gauraye da ƙazantar masai, kuma a farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar amai da gudawa. Ya ci gonaki dab da kaka, a shekarar da tsadar hatsi ta riga ta gallabi kowa. Ɗan kasuwa ya koma rumfa ya tarar da laka da bashi, ɗalibi ya nemi takardun shaidarsa ya rasa, mai haya ya tarar ɗakin ya zama tulin ƙasa.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Iyalai da yawa kuwa sun koma sun tayar da bango a inda ruwa ya rushe shi, a bakin Ngadda, domin nan ne kaɗai suke da wuri.