Kalifoniya: Tarihin gwagwarmayar kare kuɗin kula da nakasassu

Duk lokacin da baitulmalin jihar Kalifoniya ta Amurka ya shiga matsi, akwai wani taro da aka saba gani a harabar majalisar dokokin jihar a birnin Sacramento.

Iyaye ne da ma'aikatan jinya da kuma mutane a kan kekunan guragu, suna neman kada a taɓa kuɗin da ake kula da masu nakasar da ke farawa tun ƙuruciya.

An yi irin wannan taro a 2003, an sake yi a 2009, da 2015, da kuma 2024.

Tarihin wannan gwagwarmaya ya nuna cewa majalisa na iya zaftare kuɗi a zama guda, amma mayar da abin da aka zaftare kan ɗauki shekaru goma ko fiye.

Su wa ake nufi?

Dokar Kalifoniya ta fayyace cewa nakasar da ake magana a kai ita ce wadda ta samu mutum kafin ya cika shekara 18, ake kuma sa ran za ta ci gaba har tsawon rayuwarsa, ta kuma tauye shi sosai wajen harkokin yau da kullum.

Ta haɗa da raunin fahimta, da farfaɗiya, da galahanga, da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa, da kuma wasu lalurori masu kama da raunin fahimta.

Wannan ya bambanta da taɓin hankali, wanda ke ƙarƙashin wani tsari na daban.

Ya zuwa 2024 mutanen da ke cin gajiyar tsarin sun zarce 400,000, kuma kuɗin da ake kashewa a kansa ya kai kimanin dala biliyan 15 a shekara, idan aka haɗa da kason gwamnatin tarayya.

Dokar Lanterman

A shekarun 1960, iyalin da aka haifa wa yaro mai irin wannan nakasa ba su da zaɓi mai yawa: ko dai su riƙe shi a gida ba tare da wani taimako ba, ko kuma su miƙa shi ga ɗaya daga cikin manyan asibitocin jiha.

A ƙarshen shekarun 1960 waɗannan asibitoci na ɗauke da mutane kimanin 13,000 masu irin wannan nakasa, ga cunkoso ga ƙarancin ma'aikata.

Matsin lambar da iyaye suka yi ne ya sa aka buɗe cibiyoyin gwaji guda biyu a 1966, ɗaya a Los Angeles ɗaya a San Francisco, domin taimaka wa iyalai su kula da 'ya'yansu a cikin al'umma.

A 1969 wani ɗan majalisar jiha na jam'iyyar Republican, Frank Lanterman, ya jagoranci dokar da ta faɗaɗa tsarin zuwa dukkan jihar, kuma gwamnan lokacin, Ronald Reagan, ya sanya mata hannu.

An ƙara faɗaɗa dokar a shekarun 1970, kuma har yau da sunan Lanterman ake kiranta.

A ƙarƙashinta akwai cibiyoyin shiyya 21. Ba ma'aikatun gwamnati ba ne. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba na neman riba ba, waɗanda jiha ke ba su kwangila.

Cibiyar kan zauna da mutum da iyalinsa a rubuta tsarin abubuwan da yake buƙata, sannan ta biya waɗanda za su yi aikin: masu koyar da magana, masu gashin gaɓoɓi, gidajen kula, masu horar da sana'a, da direbobin da ke kai shi suna dawo da shi.

Haƙƙi ne, in ji kotu

Abin da ya bambanta Kalifoniya da yawancin jihohin Amurka shi ne matsayin da wannan taimako yake da shi a idon shari'a.

A farkon shekarun 1980, da kuɗi suka gaza, ma'aikatar da ke kula da tsarin ta umarci cibiyoyin shiyya su rage ayyukan da suke biya. Ƙungiyoyin iyaye suka kai ƙara.

A 1985 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukuncin cewa dokar Lanterman ta ba waɗannan mutane haƙƙin samun taimakon da suke buƙata, kuma ma'aikatar ba ta da ikon tauye shi da kanta.

Sai dai hukuncin ya bar ƙofa a buɗe: majalisar da ta kafa dokar tana da ikon gyara ta.

Tun daga nan fagen fama ya koma zauren majalisa, kuma kasafin kuɗi ya zama makamin da ake fafatawa a kansa.

A sauran jihohi da dama babu irin wannan tabbaci, mutum kan shiga jerin masu jira ne. A 2024 mutane kimanin 700,000 ne ke jiran samun kulawa a gida ko a unguwa a faɗin Amurka, kuma akasarinsu masu irin wannan nakasa ne.

Me ya sa ake zaftarewa?

Gwamnatin tarayyar Amurka na iya cin bashi ta cike giɓin kasafinta, amma tsarin mulkin Kalifoniya ya wajabta daidaita abin da za a kashe da abin da ake sa ran samu.

Jihar ta dogara sosai ga harajin masu hannu da shuni, don haka kuɗin shigarta kan yi ƙasa sosai da zarar kasuwar hannun jari ta faɗi.

Ƙarin haraji kuma na buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisa, bisa wata ƙuri'ar raba gardama ta 1978, yayin da wata ƙuri'ar ta 1988 ta ware wa makarantu kaso na musamman da ke da wuyar taɓawa.

Saboda haka idan aka zo neman inda za a rage, ido kan koma ga sashen lafiya da jin daɗin jama'a.

Gwamnoni daga jam'iyyun biyu sun kafa hujja da cewa yawan masu shiga tsarin na ƙaruwa fiye da yadda al'ummar jihar ke ƙaruwa, musamman saboda yawan yaran da ake ganowa suna da galahanga, kuma babu sashen da zai tsira idan aljihun gwamnati ya bushe.

Nasarar 2003

Arnold Schwarzenegger ya hau kujerar gwamna a watan Nuwamban 2003, ya kuma tarar da babban giɓi a kasafin kuɗi.

Cikin makonninsa na farko gwamnatinsa ta ba da shawarar a jingine dokar Lanterman, a kuma ƙayyade yawan waɗanda za a karɓa, abin da zai haifar da jerin masu jira.

Iyaye da nakasassu suka yi cincirindo a Sacramento, kafofin watsa labarai kuma suka riƙa nuna halin da iyalan ke ciki.

Lamarin ya zama abin kunya ga gwamnan, domin surukarsa, Eunice Kennedy Shriver, ita ce ta kafa gasar wasannin Olympics ta musamman don masu raunin fahimta a 1968, kuma shi kansa ya daɗe yana tallafa wa gasar.

Kafin ƙarshen watan Disamba ya janye shawarar.

Amma a wannan lokaci ne aka fara daskarar da farashin da jiha ke biyan masu gudanar da ayyuka da dama, matakin da bai ja hankalin jama'a sosai ba, ko da yake illarsa ta daɗe.

Zaftarewar 2009

Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, Kalifoniya ta fuskanci giɓin da ya kai kimanin dala biliyan 40 a farkon 2009, sannan wani sabon giɓin ya sake ɓullowa kafin tsakiyar shekarar.

A wannan karo ba a nemi soke haƙƙin ba. An bar shi a rubuce, aka rage abin da ke cikinsa.

An zaftare dala miliyan 334 daga kason da jiha ke bayarwa.

An rage kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ake biyan masu gudanar da ayyuka, aka ƙara ragin zuwa kashi 4.25 cikin 100 a 2010.

An tsaurara sharuɗɗan shirin taimaka wa yara 'yan ƙasa da shekara uku, aka cire jariran da ke cikin haɗarin samun nakasa amma alamunta ba su bayyana ba tukuna.

An ƙayyade sa'o'in ma'aikacin da ke karɓar iyaye a gida domin su huta zuwa sa'a 90 a kowane wata uku, wato kimanin sa'a ɗaya ke nan a rana.

Aka kuma dakatar da biyan kuɗin wasanni da shaƙatawa da sansanonin hutu.

Ƙungiyar cibiyoyin shiyya ta ƙiyasta cewa jimillar abin da tsarin ya rasa a shekarun koma-bayan tattalin arzikin ya zarce dala biliyan ɗaya.

Hujjojin masu fafutuka

Hujjar farko ta kuɗi ce. Wani kaso mai yawa na ayyukan ana biyansa ne ta shirin lafiya na Medicaid, inda gwamnatin tarayya kan bayar da kusan dala guda a kan kowace dala da Kalifoniya ta kashe. Rage dalar jiha na nufin asarar ta tarayya ma.

Ta biyu ita ce kula da mutum a babbar cibiyar gwamnati ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan kula da shi a gida. Idan iyali suka gaza saboda an janye musu ɗan taimakon da ke riƙe da su, nauyin da ya fi wannan girma ne zai dawo kan jiha.

Ta uku ta shafi yara ƙanana: taimakon da aka ba yaro a shekarunsa uku na farko na iya rage abin da zai buƙata daga baya, kuma lokacin da ya wuce ba ya dawowa ko da an mayar da kuɗin.

Ta huɗu ta shari'a ce. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Olmstead da ta taso daga jihar Georgia, ta yanke cewa killace nakasassu a cibiyoyi ba tare da dalili ba wariya ce da ta saɓa wa dokar kare nakasassu ta 1990.

Kalifoniya kuma ta riga ta rufe yawancin manyan cibiyoyinta: Agnews a 2009, Lanterman a 2014, Sonoma a 2018. Masu fafutukar na cewa ba daidai ba ne a rufe tsohon gida sannan a bar sabon ya lalace.

Yadda suke aiki

Fafutukar na tafiya ne da jadawalin kasafin kuɗi. Gwamna kan gabatar da shawararsa a watan Janairu, ya yi mata gyara a watan Mayu, majalisa kuma ta amince kafin 15 ga Yuni, sannan sabuwar shekarar kuɗi ta fara ranar 1 ga Yuli.

A tsakanin waɗannan watanni iyalai kan yi layi a gaban kwamitocin majalisa su ba da shaida, su ziyarci ofisoshin wakilansu, su kuma yi gangami.

Ƙungiyoyin iyaye, da na masu gudanar da ayyuka, da na ƙwadago, da cibiyoyin shiyya, waɗanda ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba, sun haɗu a wata gamayya mai ɗauke da sunan Lanterman, wadda a 2015 ta nemi ƙarin kashi 10 cikin 100.

Haka kuma nakasassun da kansu sun ƙara fitowa suna magana da bakinsu a gaban 'yan majalisa.

Maido da abin da aka rasa

An kawo ƙarshen ragin kuɗin masu gudanar da ayyuka a 2013, aka maido da sharuɗɗan shirin yara ƙanana a farkon 2015.

A watan Maris na 2016, bayan wani zama na musamman na majalisa, Gwamna Jerry Brown ya sanya hannu a kan dokar da ta ƙara wa tsarin kimanin dala miliyan 300 daga aljihun jiha.

An ɗage ƙayyade sa'o'in hutun iyaye a farkon 2018. Wasanni da sansanonin hutu kuwa sai a 2021 aka maido da su, shekara 12 bayan dakatar da su.

Dokar 2016 ta kuma umarci a binciki farashin da jiha ke biya. Rahoton da ya fito a 2019 ya nuna cewa ana buƙatar ƙarin kimanin dala biliyan 1.8 a shekara kafin farashin ya dace da ainihin tsadar aikin.

An fara cike wannan giɓi a hankali bisa kasafin 2021. Amma a watan Janairun 2024 Gwamna Gavin Newsom, wanda shi ma ya fuskanci giɓin kasafi, ya nemi a jinkirta kason ƙarshe da shekara guda, abin da zai hana tsarin kimanin dala biliyan ɗaya.

Masu fafutukar suka yi nuni da cewa daga watan Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashi a manyan shagunan sayar da abincin gaggawa na jihar ya koma dala 20 a sa'a, abin da ya fi na ma'aikatan kula da nakasassu da yawa, kuma hakan na janye ma'aikata daga aikin.

A ƙarshe aka sasanta a kan jinkirin wata shida, ƙarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025.

Sabuwar barazana

A watan Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata dokar haraji da kashe kuɗi, wadda ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta za ta rage abin da tarayya ke kashewa a kan Medicaid da sama da dala biliyan 900 cikin shekaru goma.

Masu goyon bayan dokar sun ce manufarta ita ce rage almubazzaranci da tilasta wa masu ƙarfin yin aiki su nemi aiki, kuma ba ta nufi nakasassu ba.

Ƙungiyoyin nakasassu kuwa na tunatar da cewa a tsarin Medicaid wajibi ne jiha ta biya kuɗin gidajen jinya, amma yawancin ayyukan kulawa a gida da unguwa zaɓi ne da aka bar wa jihohi.

Fargabarsu ita ce idan kuɗin tarayya ya ragu, jihohi za su fara neman sauƙi ne daga ayyukan da doka ba ta tilasta musu ba, kamar yadda da dama daga cikinsu suka yi bayan 2008.