Tarihin Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Kafin mu fara, ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar wayarka, ka danna kowane maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa a fuskar wayar, alhali idonka bai ga komai ba. To wannan shi ne infared, kuma tarihinsa za mu bi yau.

A shekarar 1800, a Ingila, masanin taurari William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya rarrabu kamar bakan gizo. Sai ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin ya wuce ja, wurin da babu wani launi, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a can, ido ne ya gaza.

An ɗauki shekara fiye da 160 kafin a ƙera ƙaramar fitilar da ke ba da shi. A 1961, Biard da Pittman na kamfanin Texas Instruments a Amurka suka gano haka, kuma jikokin fitilarsu ne ke cikin rimot. Su ne kuma a cikin ɗan abin nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wanda kowa ya sani lokacin Korona. Infared na kusa da ja yana ratsa fata da tsoka fiye da sauran launuka.

Sai dai waɗannan fitilu tauri gare su, ba sa lanƙwasuwa. A 1987, Ching Tang da Steven Van Slyke na Kodak suka fito da OLED, wato fitilar da aka yi da siraran shimfiɗun sinadarai masu kabon. Koren haske ta bayar. Yau ita ce fuskar wayoyi da yawa, har da masu naɗewa.

To me ya hana a yi OLED ta infared nan take? Nan gizo ke saƙar. Ƙwayoyin sinadaran nan kullum cikin karkarwa suke. Infared kuwa ƙarfinsa bai kai na kore ko shuɗi ba, don haka karkarwar kan shanye ƙarfin ta mai da shi zafi kafin ya fita a matsayin haske. Tun 1970 Englman da Jortner suka bayyana wannan ƙa'ida, kuma ta daɗe tana hana ruwa gudu.

A 2017, masu bincike a Taiwan suka yi amfani da sinadari mai ƙarfen filatinam, wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa bisa juna su raba nauyin karkarwar. Suka samu inganci na kashi 24 cikin 100 a nanomita 740. Amma filatinam tsada gare shi, kuma da an ƙara nutsawa cikin infared ingancin sai ya faɗi.

Abin da ake nema shi ne fitila siririya kamar filasta, mai araha, wadda za a manna wa jariri ko tsoho a fata ta riƙa lura da jininsa ba tare da allura ba.

Ku gwada na rimot ɗin, ku faɗa mana abin da kuka gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.