Mulki, mata da ɗa'a a rubuce-rubucen Sifawa da Bodinga

Garin Sifawa, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta jihar Sakkwato, shi ne inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan kammala manyan yaƙoƙin jihadi, kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna ne a garin Bodinga.

Masana adabi na ɗaukar rubuce-rubucen wannan zamani da muhimmanci, saboda a cikinsu ne jagororin jihadin suka juya alƙalaminsu kan jama'arsu, bayan da mulki ya dawo hannunta.

Gargaɗi ga masu iko

A Sifawa ne Shehu ya tsara waƙar Tabbat Haƙiƙa da harshen Fulatanci, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa daga baya. Waƙar na jan kunnen sarakuna da alƙalai game da zalunci da cin hanci da ƙwace dukiyar talakawa.

Shi ma Malam Abdullahi ya koka da yadda son duniya ya shiga zukatan wasu mayaƙa, har ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Sai dai jama'ar Kano sun tsayar da shi, inda ya rubuta masu Liya'ul Hukkam kan ƙa'idojin shugabanci.

Mervyn Hiskett, wanda ya fassara littafinsa Tazyinul Waraƙati zuwa Turanci a 1963, na ganin waɗannan koke-koke sun nuna tazarar da ta samu tsakanin manufar jihadin da abin da ya biyo bayan nasara.

Haka kuma Alhaji Shehu Shagari, ɗan asalin garin Shagari wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, ya haɗa gwiwa da Jean Boyd suka wallafa littafi a 1978, suna auna koyarwar Shehu kan shugabanci da yadda ya aiwatar da ita.

Batun mata

A littafin Nurul Albab, Shehu ya soki malaman da ke karantar da almajirai, amma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun kafin jihadi ma, lokacin da Malam Mustafa Gwani ya zargi Shehu da barin mata su halarci wa'azinsa, Malam Abdullahi ne ya mayar da martani da waƙa, yana mai cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji su kai karatu ga matan karkara. Jean Boyd da Beverly Mack, waɗanda suka tattara waƙoƙinta a 1997, sun ce rayuwarta ta ƙaryata zaton cewa mace Musulma ba ta da ta cewa a harkar jama'a.

Sai dai wasu manazarta na gargaɗin kada a auna ta da ma'aunin fafutukar 'yancin mata na Turai, domin martabarta ta samo asali ne daga ilimin addini da kuma gidan da ta fito.

Abin da ɓangarorin suka yarda a kai shi ne, a wajen waɗannan marubuta, adalcin shugaba da ilimin mace duk hakkoki ne da za a tambayi mutum a kansu ranar gobe ƙiyama.